Ƙullin Likkafani

A unguwar Jarwal, zamanin da motoci suka fara ƙwace wa raƙuma hanyar Jidda, ba wanda bai san Mairama mai likkafani ba. Alhazai sukan sayi farin yadi, ta jiƙa musu shi da ruwan Zamzam, ta shanya, ta linke, ta ajiye musu har su sauko daga Mina. Mace ce mai zafin baki, amma ko zare ɗaya bai taɓa ɓata a hannunta ba, kuma wannan sunan shi ne abincinta.

Sai ga shi wata shekara ta dawo daga Harami ta tarar da kusurwar ɗakin da take ajiye likkafanin wayam. Ƙofa ba a ɓalle ta ba. Nan take gulma ta tashi, wai ita ta sayar da likkafanin bayin Allah.

Ana cikin haka ƙanenta Awwalu ya shigo da gudu. Shi kaɗai ya rage mata a duniya. Goye a bayanta ya ƙetare ƙasar Wadai da Sudan bayan mahaifiyarsu ta rasu a hanya. Yanzu yaron mota ne a wurin wani direba, Abdulganiyyu, duk da gemu ya riga ya cika masa fuska.

"Yaya, an ga kayan! Wani askari, ɗan sanda, ya tare mu a hanyar Jidda, ya zaro su daga ƙarƙashin buhunan gawayi. Wallahi da idona na gani."

Mairama ta yi sujada a tsakar gida, ta tashi ta dafa masa shinkafa da nama.

Ranar shari'a askarin ya faɗi yadda ya tsayar da motar, aka shigo da ƙullin aka dire gaban alƙali. Abdulganiyyu ya ce shi bai san wannan kaya ba, ba daga motarsa suka fito ba. Alƙali ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba, a kawo na biyu. Mairama ko a jikinta, ai ga ƙanenta nan zaune.

Awwalu ya miƙe yana kallon tabarma.

"Ya Shehu, askari ya sauke mu, ya ce mu juya baya. Da na waiwayo, kayan suna ƙasa. Ban ga inda suka fito ba."

Mairama ta dube shi. Ta ɗauka tsoron maigidansa ne ya kama shi, har ta fara shirya irin zagin da za ta yi masa a gida. Sai idonta ya sauka kan ƙullin.

Ba ɗaurinta ba ne. Ita saƙa lungu huɗu take yi ta ɗaure a sama. Wannan kuwa an zagaye shi da igiya, an karya bakin igiyar an cusa ta ƙasa, yadda ake ɗaure kaya a kan jaki don kada su zame. Ita ta koya wa Awwalu wannan ɗaurin a hanya, tana riƙe da ƙananan yatsunsa, kuma har ya girma bai daina cusa bakin ta hagu ba. Shi ne kuma kaɗai ya san inda take ɓoye makulli.

Alƙali ya ce tunda ba a tabbatar kayan sun fito daga motar ba, ba za a kafa hujja da su ba. Abdulganiyyu ya rantse, aka sallame shi. Sannan alƙali ya tambayi Mairama ko tana da abin cewa. Ta san hukuncin ɓarawo a garin nan. Ta dubi hannun Awwalu na dama, ta ce ba ta da abin cewa.

Alhazai suka karɓi yadinsu ba mai ce mata sannu. Wata tsohuwa 'yar Sakkwato ta buɗe nata a gabanta tana aunawa da kamu, ta ga ko an yanki wani abu. Wannan ya fi komai ƙona wa Mairama rai.

Da la'asar Awwalu ya shigo gida yana sanɗa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Abdulganiyyu ya ce zai koya min tuƙi. Ai khalas, magana ta ƙare, kaya sun dawo, ba wanda ya yi asara."

Mairama ta miƙe. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko nata likkafanin, wanda tun tuni ta nuna masa inda yake, ta kuma ce masa tun lokacin shi zai miƙa shi ranar da ta cika, shi kuma zai saka ta a kabari. Ta ƙwala wa maƙwabciyarta Ummulkhairi kira, ta ɗora mata shi a hannu, Awwalu yana tsaye yana kallo.

"Ki ajiye min wannan a ɗakinki. In ranar ta zo, ki sa 'ya'yanki su saka ni. Ba ni da kowa a garin nan."