Iya Delu Ta Rasa Ɗaki a Tashar Fayil

Jiya bayan azahar barci ya sace Huraira a gaban kwamfutarta, ta yi wani mafarki. Ɗaliba ce mai koyon rubuta manhaja. Aikin da malaminsu ya ba ta shi ne ta karanto bayanan mutane daga fayil, ta jera su reras, kowa da sunansa da shekarunsa da garinsa.

A mafarkin, fayil ɗin ya shigo tasha da ƙafafunsa, doguwar bas ce marar taya. Wata jimina mai hular kwano ta miƙa wa Huraira mabuɗi.

"Buɗe don karantawa kawai," in ji jiminar. "In kika buɗe don rubutu, fasinjojin duk gogewa za su yi."

Huraira ta murɗa a hankali. Mutane suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. A gefen tashar ga jerin ɗakuna iri ɗaya da ta nema aka gina mata, kowanne da ƙusa uku a bango: ta suna, ta shekaru, ta gari. Ta nuna wa mutumin farko ɗaki na ɗaya.

"A'a, nan daga sifili muke farawa," in ji jimina.

Mutumin ya shiga ɗakin sifili, ya tuɓe sunansa kamar riga ya rataye, ya miƙe ƙafa.

Aiki ya kankama har da 'yar waƙarta. Garin sauri ta rataye wa wani mahauci shekarunsa a ƙusar suna, sunansa a ta shekaru.

"Barka da sauka, Malam Sittin," in ji jimina.

"Yarinya, to shekaruna nawa ke nan?"

"Tanko, Baba."

"Madalla, ashe da sauran ƙuruciya," ya ce, ya shige yana tsalle.

Can sai ga kakarta Iya Delu ta sauko riƙe da buta. Huraira ta waiga. Ɗakuna sun ƙare. Bayan na ƙarshe babu komai sai wani fili fari fat, wanda wata kaza ta taka ɗazu ta koma tarkacen haruffa. Iya kuwa can ta nufa, tana neman wurin alwala.

"Iya, tsaya!" Huraira ta cafke bakin zanenta.

"Ke sake ni, ja'ira. Kin ba baƙi ɗaki, ni kin bar ni a rana?"

Huraira ta juya ga jimina. "Don Allah a ƙara ko da ɗaya ne."

"Iya adadin da kika nema aka gina."

"To, yanzu ina neman ninkinsa."

"Ai da kin faɗa tun ɗazu."

Jimina ta tsuguna ta saka ƙwai. Ƙwan ya fashe, ɗakuna suka fito jiƙe, suka karkaɗe jiki, suka shiga layi. Iya Delu ta leƙa na kusa, ta rataye sunanta da garinta, shekarun kuwa ta ƙulle a gefen zane.

"Wannan ba na bango ba ne," ta ce.

Daga nan wani tsoho ya sauko shi kaɗai, ba suna ba gari.

"Ni ne Ƙarshen Fayil. Ba na kwana, sallama kawai nake yi. Rufe ƙofa, 'yata."

Tana tura ƙofar, bas ɗin ta hau ruri, ƙasa na girgiza.

Huraira ta farka. Injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar. Ta ɗago kai, ashe kumatunta ya danne harafi ɗaya, ya cika mata shafi tara.