Saura Jifar Mutum

Humaira ta taɓa faɗuwa wannan kwas ɗin, kuma dokar makarantarsu a Birnin Kebbi ba ta da kara: in ta sake faɗuwa, sai gida. Aikin da aka ba su kuwa a ido ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙaramar manhajar wasa ce, mutum ya jefa ƙwayar ludo, kwamfuta ta jefa, wanda ya riga cika maki shi ya ci.

Mahaifinta Malam Hodi, mai karantar da littattafai a zaure, da ya ji abin da za ta rubuta sai ya cire tabarau.

"Wanga ai caca ce aka sa ma riga. Ki rubuta, tunda karatu ne. Amma ki yi mani alkawari hannunki ba ya jefa ta."

Ta yi alkawari, don ita ba ta iya musu da shi ba.

To ya za a gwada wasa ba a buga ba? Sai ta ƙara layi guda a cikin manhajar, ta sa kwamfuta ta riƙa jefa wa kanta, ta kuma jefa wa mutum. Duk ƙarshen mako tana cikin motar Argungu, a matse tsakanin buhunan albasa, don kwamfutar ta Laure ce, ɗiyar kawunta da ke can. Laure ta yi ta tsokanarta, ta ce kawo in danna maki, malama. Ta ƙi. Abin da aka hana ta, ba za ta miƙa wa wani ba.

Ranar gwaji malaminsu Olumide, haifaffen garin, ya ja kujera ya danna. Kwamfuta ta jefa, ta jefa masa, ta sake jefawa, kafin ya ɗaga yatsa har ta cinye shi.

"Ni ɗan kallo ne ke nan?"

Nan take ta gano matsalar. Layin gwajin nan ne, ta saba da shi har ta manta ba na wasan ba ne. Ta goge shi, ta gyara wurin, allo ya rubuta saura jifar mutum.

"Bismilla, buga in gani."

"Malam, don Allah kai ka danna."

"Na danna ɗazu, kin ga yadda muka ƙare. Wanda bai taɓa buga wasansa ba, ta ina zan san shi ya rubuta? 'Yan'uwanki ɗalibai na jira a waje."

Ta yi ta roƙonsa, ta faɗa masa dalili. Ya tausaya mata, amma bai janye ba. Ta dubi biron ba da maki da ke hannunsa, tsoro ya cika ta, ta danna. Wasan ya tafi lafiya lau har ƙarshe.

Da la'asar ta iske Baba a zaure, ta durƙusa.

"An ci?"

"An ci, Baba."

Ta jira ɗaya tambayar, ta riga ta shirya faɗin gaskiya. Bai yi ta ba. Ya ɗora hannu a kanta, ya ce ya san ɗiyarsa ba ta saɓa alkawari, ya yi ta sa mata albarka. Ita kuwa tana ta cewa amin.