Ranar da Aka Nome Binciken Basiru

Duk wanda ya bi hanyar masallacin Juma'a a daminar nan sai ya wuce ta gefen gonar Malam Nababa, kuma duk wanda ya wuce sai ya yi magana. Rabin gonar na gabas dawa ce kore shar, an jera mata waken suya a tsakani. Rabin yamma kuwa wuta-wuta ta yi kaka-gida a ciki, ta fitar da furenta mai ruwan hoda, dawar ta tsumbure ta yi ja. A wannan yanki na Minjibir gona jingine take da gona, layin gamba kaɗai ya raba ta wani da ta wani, don haka ba inda mutum zai ɓoye lalacinsa. Mutane suka ce tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Nababa gidansa ya rasa mai riƙe fartanya, ga shi kuwa yana da ƙaton ɗa.

Ƙaton ɗan shi ne Basiru, ɗalibin ajin ƙarshe a sashen ilimin halittu na wata jami'a a Kano. Karatun shekara huɗu ya shiga, ga shi ya doshi ta shida. Yajin aikin malamai ya cinye masa shekara guda sukutum, wani yajin ya gutsuri rabin wata, har yaran da ya koya wa tuƙa keke suka yi aure yana nan ana ce masa ɗalibi. Abu ɗaya ya rage tsakaninsa da takardar shaida: aikin bincike na ƙarshe, wanda za a zaunar da shi gaban malamai da wani baƙon farfesa ya kare. Kuma binciken nasa ba a ɗakin gwaji yake ba, a gonar ubansa yake.

Malamar da ke duba aikin, Dakta Amsa, 'yar Barno ce da aka haifa a Fagge, mace mai sanyin murya da taurin kai. Ita ta tsara masa abin. Ana so a ga ko waken suya na rage wuta-wuta a gonar dawa, a shekarun nan da takin zamani ya fi ƙarfin talaka. To ba yadda za a san rabin gabas ya samu sauƙi sai an bar rabin yamma yadda yake, ba cira, ba magani, a ƙirga tsiron duka ɓangarorin in sun gama fure a kwatanta. Ta nanata masa cewa rabin da aka bari ɗin shi ne ran aikin. Basiru ya kafa turaku, ya ɗaura igiya, ya manna 'yan alluna masu lamba.

Ya yi wa mahaifinsa bayani tun kafin shuka. Malam Nababa ya saurara, ya ce shi dai bai taɓa jin karatun da ake kiwon wuta-wuta ba, amma in shi zai kawo ƙarshen zaryar Kano, ga gona nan. Ya yi wa Kawu Ɗanliti bayani ma, ƙanin mahaifinsa da gonarsa ke manne da tasu ta yamma. Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce boko ya zo da sabon salo, an mai da ƙiwa darasi.

Fure ya kusa cika sai jarrabawar ƙarshe ta kira Basiru birni. Mako biyu ya yi yana kwana a ɗakin wani abokinsa, zuciyarsa rabi a takarda rabi a gona. Ranar da ya dawo ko gida bai shiga ba, daga bakin titi ya yanki hanyar gonar da jakarsa a kafaɗa.

Daga nesa ya ga ruwan hodar nan babu. Ya ɗauka ido ne, ya ƙara sauri. Da ya isa sai ya tarar da gonar fes, gabas da yamma, an nome ta an tattara ƙasa a gindin kowace dawa. An tuge wuta-wuta kaf an ƙone ta a gefe, tokar ma ruwa ya fara wanke ta. Turakunsa kuma wani mai kirki ya cire su, ya ɗaure su dami guda, ya naɗe igiyar tsaf, ya rataye a reshen gawo don kada gara ta ci. Basiru ya zauna a ƙasa daɓas. Ya so ya yi ihu, ya rasa wanda zai yi wa.

Mahaifiyarsa Hure ce ta ba shi labari, fuskarta cike da murna. Kawu Ɗanliti ya tara gayya bayan tafiyarsa. Samarin unguwa suka fito da fartanyu da mai ganga, matan gidaje suka haɗu suka dafa dambu, kafin azahar an gama. Ta ce rabon da a yi wa wani gayya irin wannan a garin an daɗe, kowa ta kansa yake yi, amma aka fito saboda darajar mahaifinsa. Ta ce yanzu ta iya bin hanyar nan kanta a sama.

Ya shiga wajen mahaifinsa ya durƙusa. Malam Nababa yana kishingiɗe, ƙafar a kan matashi, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Baba, ka san za su zo?"

"Na sani. Ɗanliti ya zo da dattawa biyu. Me zan ce musu, Basiru? In ce ku koma, ɗana na son ciyawarsa?"

Basiru ya tashi ya fita. Haushi ya cika shi, amma haushin ya rasa inda zai sauka. Kuma ya fi kowa a garin sanin cewa tsiron wuta-wuta ɗaya kan zubar da iri dubbai, iska ta kwashe shi zuwa gonar maƙwabci, ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru yana jira. Shi da kansa ya rubuta haka a babin farko na bincikensa. Gonar Kawu ce a bayan gambar, ita ce kuma abincin gidan mutum goma sha wani abu.

Ya koma Kano da labarin. Abokinsa Kamilu, wanda ya riga ya ɗaure nasa aikin da baƙin bango, ya ce masa kada ya zama wawa. Wa zai hau mota har ƙauyensu ya ƙirga ciyawa? Ya ce ya zauna kawai ya rubuta lambobi masu kama da gaskiya, gabas kaɗan, yamma da yawa, a wuce wurin. Basiru ya kwana uku da maganar a ransa, ya ma fara, ya ja layuka a takarda. Abin da ya tsayar da shi ba tsabar tsoron Allah ba ne kaɗai, a faɗi gaskiya. Ya san Dakta Amsa za ta nemi hotunan fure, shi kuwa hoton toka gare shi.

Da ya je ya faɗa mata gaskiya, ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Da ya kai wajen turakun da aka rataye a gawo sai ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya, sannan ta nemi afuwa. Ta ce ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ta ji masa ciwo. Amma baƙon farfesa ba labari zai zo ji ba, sakamako zai zo gani. Basiru ya roƙi a canza masa wani aikin na ɗakin gwaji. Ta nuna masa ɗakin ta taga: ba wuta, ba sinadarai, firjin ya zama ma'ajiyar takardu. Ya ce ko a tukwane ne ya sake shukawa da rani. Ta ce an riga an amince da aikin gona, kuma wuta-wuta ba ta san kalandar jami'a ba.

"Sai wata daminar," in ji ta. "Zan riƙe maka gurbinka. Amma wannan karon ka tsare rabin yamma ko da kwana a ciki ne."

Ranar da 'yan ajinsu suka kare ayyukansu suka fito suna rubuce-rubuce a fararen riguna, suna maganar inda za a tura kowa bautar ƙasa, Basiru yana cikin motar Minjibir an matse shi tsakanin buhun gishiri da wata tsohuwa.

A gida wani aikin ke jiransa. Hure ta ce an fara ƙorafi, an yi wa gidansu gayya amma ɗan gidan bai zagaya godiya ba, kuma ƙafar mahaifinsa ba za ta kai shi ba. Ta miƙa masa goro a ƙunshin ganye. Haka ya bi gida-gida bayan la'asar, yana durƙusawa a zaure, yana gode wa kowane mutum da ya sa hannu ya tuge masa shekara guda. Kowa ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Gidan Kawu Ɗanliti ya bari a ƙarshe. Ya tsara maganarsa tun a hanya: zai ce badi ma zai sake barin rabin yamma, zai roƙi a yi masa haƙuri na damina ɗaya tak. Ya tarar da Kawu a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, ga dattawa uku a kan tabarma. Kawu ya karɓi goron, ya raba, ya sa masa albarka. Ya ce ya ji an ƙara masa shekara a makaranta, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Basiru ya buɗe baki, Kawu ya riga shi.

"Kada gonar nan ta dame ka, ɗana, ka je ka yi karatunka. Mun yi magana da mutanen nan. Muddin yayana na kwance, ba za ta sake kaiwa haka ba. Badi tun kafin ta yi fure za mu shigo."

Dattawan suka gyaɗa kai, suka juyo suna kallonsa, suna jiran abin da ɗan mutunci ke cewa. Basiru ya dubi ƙotar da ke hannun Kawu, sabuwa dal.

"Allah ya saka da alheri, Kawu," ya ce.

Suka amsa da amin gaba ɗaya.