Gidan Wa Kike Nema?

Tun da Haulatu ta haifi ɗanta na fari, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce irin ta mutanen da, wadda ta tashi da ita a Mai'adua, ta kuma taho da ita gidan miji a cikin birnin Daura. Ranar da aka raɗa wa yaron suna Kalilu, tana ƙuryar ɗaki ta ja mayafi ta rufe fuska kamar ba don ita aka taru ba. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Daga nan ya zama "wancan" idan ana zancensa, ya zama "kai" idan yana gabanta. Da ya yi karatu ya zama injiniya, ya gina gida a Kuje, wani gari a gefen Abuja, sai ya samu ƙarin girma a wurinta, ya koma "mutumin Kuje".

Shi kuwa Kalilu bai bar ta ta huta ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya bugo mata waya, kuma da tsokana yake farawa.

"Inno, kin gane mai magana?"

"Na gane."

"To wane ne?"

"Kai ne mana."

"Kai wa? Ai kai suna da yawa a duniya."

"Ka ga, in ba ka da abin faɗi, ƙuli-ƙulina yana kan wuta."

Sai ya yi ta dariya har da tari. Ita ma in ta ajiye wayar takan juya wa mutanen gida baya ta yi murmushinta ita kaɗai. Duk cikin 'ya'yanta babu wanda take so kamarsa, kuma babu wanda ta ɓoye wa son kamarsa. Ya sha roƙonta ta zo ta ga gidan da ya gina, tana cewa me za ta je yi, a ce uwa ta tare a gidan ɗan fari tana cin tuwon suruka? Wanda ya ƙirƙiro wannan al'ada dai bai tsaya ya ga yadda take cin mutum ta ciki ba.

Wata Juma'a wayar ta yi ƙara, amma muryar Fadila ce, matarsa. Hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki. Asibiti sun yi iya yinsu, har sun ce a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a. Ba ya magana, ba ya buɗe ido.

"Inno, don Allah ki zo," in ji Fadila.

A wannan karon Haulatu ba ta ce me za ta je yi ba. Ta ƙulle daddawa da geron kunu, ko da yake an gaya mata ta roba ake ba shi abinci. 'Yarta Ummukulsum tana jego, ba ta da halin rakiya, don haka ta sa aka kai ta tasha aka saka ta motar Kano, daga can ta kama ta Abuja. Direban gidan ɗan nata ne ya ɗauko ta a tasha ya nufi Kuje da ita.

Ta ɗauka gari kusa da Abuja hayaniya ce zalla. Da farko kuwa sun ratsa kasuwa da 'yan acaɓa, har ta ce a ranta ashe ko'ina ɗaya ne. Amma sai direban ya bar cikin gari, ya bi wani titi tsakanin itatuwan mangwaro da gonakin doya, ya tsaya a gaban wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe. Maigadi ya leƙo, ya ga motar gida ce, ya buɗe. Suna shiga duniya ta yi tsit.

Gidaje ne jere, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya, katanga ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ko akuya ɗaya ba ta gani ba. Babu luguden turmi, babu mai talla, babu wata mata da ta ɗaga murya ta katanga tana neman aron rariya. A Daura in aka ce wane ba lafiya, takalman 'yan dubiya kawai za su nuna maka gidan, kwanukan kunu su cika tsakar gida har a rasa na wa za a mayar wa wa. A nan kuwa ƙofar gidan ɗanta a rufe take ruf, kamar ta kowa.

"Ina maƙwabta?" ta tambayi Fadila bayan sun gaisa.

"Suna gaisuwa ta waya, Inno. Mutanen kirki ne, aiki ne ya yi musu yawa."

Haulatu ta taɓe baki. Gaisuwar da ba ta zo da ƙafa ba, ita ba ta san sunanta ba.

Sai aka shigar da ita ɗakin da yake jinya. Ga shi nan kwance, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ita ba ta ma san yana da furfura ba, domin ba ta taɓa ɗaga ido ta ƙare masa kallo ba. In ya zo Daura gefe take kallo tana amsa gaisuwarsa. Yau da idonsa yake rufe ta kalle shi son ranta, ta ga kunnuwan mahaifinta ne sak a kansa. Tausayi ya kama ta, ta zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Kai," ta ce a hankali. "Kai, ka ji? Na zo."

Ɗan yatsansa ya motsa a kan zanin gado. Fadila ta gani, ta durƙusa kusa da ita.

"Inno, likita ya ce yana ji. Ya ce a riƙa kiransa da sunansa na yanka, wai shi ne yake zama can ƙasan zuciyar mutum ko komai ya gushe. Ni Baban Yasmin nake ce masa, yara Abba suke cewa, abokan aiki Injiniya. Na gwada kiran sunan, bai motsa ba. Amma ke daga jin muryarki ya motsa. Ki kira shi, Inno. Wallahi ya sha gaya mini babu abin da yake so ya ji a duniya kamar wannan."

Kunya ta rufe Haulatu tun daga kai har ƙafa, kunyar kuma ta juye ta zama faɗa, yadda ta saba yi wa tsofaffi in an taɓa musu inda ke ciwo.

"Ke yarinya, a gidanku haka aka koya miki? Ni za ki sa na kama sunan wancan, a gabanki? Allah ne mai tayar da mara lafiya, ba suna ba."

Fadila ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inno." Ba ta sake tayar da maganar ba, ita ma Haulatu ba ta sake ba, amma maganar ta zauna tsakaninsu ta ƙi tashi.

Kwanakin da suka biyo baya Haulatu ba ta da wurin zama sai gefen gadon nan. Tana jan carbi, tana tofa masa addu'a, tana ba shi labarin gida: Ummukulsum ta samu namiji, gero ya yi kyau a bana, an gyara hanyar Kongolam. Duk labarin da "kai" take farawa. In Fadila ta fita sai ta matso da bakinta kusa da kunnensa, ta ja numfashi, ta ce yanzu kam za ta faɗa. Sai ta ji motsin takalmi a waje, ko ta ga kamar labule ya girgiza, ta koma ta zauna. Shirun gidan shi ya fi hana ta. Da a Daura ne, da hayaniyar tsakar gida ta rufe mata asiri, ta faɗa a cikin kukan yara da ƙarar turmi ba wanda ya ji. A nan ko cokali ya faɗi a kicin sai an ji shi a kowane ɗaki. Kullum sai ta ce gobe.

Wata safiya da hantsi ta lura numfashinsa ya sauya, yana ja yana tsayawa. Ta san wannan numfashin, ta ji shi a bakin mijinta ranar da ya rasu. Ta buɗe baki, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sai wata dabara ta zo mata: bakin da bai taɓa faɗin abu ba ai sai an koya masa. Bari ta fita can inda ba wanda ya san ta, ta faɗa wa iska ko sau ɗaya, bakin ya saba, ta dawo ta faɗa masa. Ta yafa mayafi ta ce wa Fadila za ta ɗan miƙe ƙafa. Wayarta ma a kan tabarma ta bar ta.

Ta bi titin har babbar ƙofa, ta fita. Ta gangara ta gefen gonakin doya, ta wuce wasu mata Gwarawa da itace a kafaɗa, suka yi mata sannu ta amsa. Ta samu wata bishiyar kashu nesa da hanya ta tsaya a ƙarƙashinta. Ta duba gabas ta duba yamma, babu kowa sai wani tsuntsu.

"Ka…" ta fara. Bakin ya bi hanyar da ya saba. "Kai."

Ta sake. "Ka… kai."

Tsohuwa da jikoki, tsaye a gonar mutane a garin da ba nata ba, tana koyon magana kamar mai tatata. Da wani ya gan ta da ya yi dariya, ita kuwa kuka ne ya zo mata. Ta zauna a kan saiwar bishiyar ta yi mai isarta. Ta tuna ranar da ya faɗo daga kan jaki yana yaro, goshinsa ya fashe, ya rugo wurinta da jini, ta kauce ta ce wa kakarsa, "Ga yaronku nan ya ji ciwo." Ta shiga ɗaki ta ciji zaninta don kada a ji kukanta. An yabe ta a ranar, an ce Haulatu akwai kunya.

Ba ta san ta daɗe ba sai da inuwar bishiyar ta tattare ta dawo gindinta. Ta miƙe da sauri, sunan bai fita ba. Ta ce ba komai, a gabansa zai fita, ko Fadila na nan ko ba ta nan.

Da ta iso babbar ƙofar sai ta tarar an canja maigadi. Wannan wani dogo ne da ba ta taɓa gani ba, da Hausarsa ta mutanen Zazzau. Ya tare ta da ladabi.

"Sannu Mama. Gidan wa kike nema?"

"Gidan ɗana. Nan ciki nake, yanzu na fita."

"To, wane gida ne? Lamba nawa?"

Ta leƙa ta bayan kafaɗarsa. Gidajen nan sun jeru suna kallonta da fuska ɗaya. Ko da ya bar ta ta shiga, ba za ta iya nuna nasu ba.

"Gidan Baban Yasmin."

"Mama, ban san sunayen yaran mutane ba."

"Mijin Fadila. Mutumin Daura. Injiniya ne."

"Injiniyoyi sun yi yawa a nan, Mama. Ki yi haƙuri, ba a barin mu mu shigar da baƙo sai ya faɗi sunan maigidan. Sunansa kawai za ki faɗa mini."

Wata mota ta zo, maigadin ya leƙa, aka yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya buɗe ta wuce. Wata ta biyo bayanta, da maza a ciki sanye da huluna. Haulatu ba ta kula da su ba. Numfashin nan kawai take ji a kunnenta, yana ja yana tsayawa. Ta damƙe bakin mayafinta, ta runtse ido.

"Kalilu," ta ce.

Ya fita lafiya lau, ba gargada, kamar kullum tana faɗinsa. Har ta ji daɗinsa a bakinta. Ashe haka yake da sauƙi, ashe haka yake da daɗi. Ta buɗe ido tana shirin rugawa ta kai masa shi da ɗuminsa.

Maigadin ya cire hularsa ta aiki ya riƙe a hannu.

"Allahu akbar. Injiniya Kalilu. Ai ba a jima ba matarsa ta bugo ta ce a bar masu zuwa su shiga. Ga motocin nan, can suka nufa. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne." Ya ja ƙofar ya buɗe mata. Sai kuma ya dube ta da kyau, kamar yanzu maganarta ta farko ta iso kunnensa. "Mama… ɗanki kika ce?"

Haulatu ta kalli titin. Can ciki ƙofar gida ɗaya ce a buɗe, ta fita daban da sauran, maza suna cire takalma a bakinta. Yanzu kam ta gane gidan.

"Ɗana ne," ta ce. "Na fari. Kalilu."

Ta shiga, ta kama hanya a hankali tana faɗinsa, tana ƙara ɗaga murya, a titin da ko tari mutum ya yi sai an ji. Wata mata ta ɗaga labulen tagarta ta leƙo ta ga wace ce take kiran mutum haka da tsakar rana, kuma me ya sa ba ya amsawa.