Karen Ebenezer da Ƙarar Makullai

Karen Ebenezer ba ya raga wa kowa a Unguwar Boro, har Fasto yake yi wa haushi. Amma ran Lahadi Ebenezer da iyalinsa suna coci aka ɗauke masa janareto, maƙwabta kuma suka rantse ko tari karen bai yi ba.

Abin ya tsaya wa Ebenezer a rai. Da yamma Wilson makanike ya shigo jaje, yana kaɗa makullan babur. Jin ƙarar ke da wuya, kare ya kwanta yana kaɗa wutsiya, miyau na dalala. Ebenezer kuwa bai taɓa kiransa cin abinci da makulli ba.

Ya dubi karen, ya dubi baƙon.

"Wilson, wata nawa ka yi kana ciyar mini da kare ta katanga?"

Makullan suka daina ƙara.