Muryar Yona Daga Akwatin Dutse

"Ɗaga eriyar sama kaɗan, Karima. A'a, ɓangaren Bosso."

Karima ta ɗaga, hannunta duk ƙullun masa. Baba Ndagi, maƙwabcinsu a Limawa, yana kwance kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi, rediyon magana a kan ƙirjinsa. Tun da ya bar aikin jirgin ƙasa ba shi da abin so sai wannan rediyo. Shi da abokansa suka kafa wani akwati a kan dutsen Bosso, mai karɓar murya daga nesa ya miƙa ta gaba. Ta nan yake hira kullum bayan la'asar da Yona, tsohon abokin aikinsa, da ke wani ƙauye bayan Gidan Kwano inda wayar salula ba ta kai ba.

Da damina ta yi nisa sai akwatin ya lalace. Yona yana jin Baba sarai, amma muryar Yona sai ta iso a dagule, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Ba batir ba ne, na sa an canza," in ji Baba. "Ruwa ne ya shiga wayar eriya can sama. Da ƙafata lafiya take, kafin azahar na gama."

"Baba, ƙafar da ko bayi ba ta kai ka?"

"Ke dai riƙe, sarkin baki."

Mai gyaran talabijin da Karima ta roƙa ya hau dutsen, ya buɗe akwatin, ya dawo ya ce bai gane kan abin ba. Hanyar ƙauyen Yona kuma rafi ya cinye ta, ko mashin ba ya wucewa.

Ranar Laraba Baba ya danna maɓallin da kyar.

"Yona, jikin ya ƙi. Mun daɗe tare. In na taɓa ɓata maka, ka yafe ni."

Ya saki maɓallin. Rediyon ya yi ta ƙara, murya tana tashi tana nutsewa. Yona ya daɗe yana magana.

"Me ya ce, 'yata? Kunnenki ya fi nawa."

Karima ta kanga kunne har ƙarfen ya yi mata zafi. Ta so ta ce ya yafe. Amma Baba bai taɓa yarda a ce an ji abin da ba a ji ba.

"Ban ji ba, Baba."

"To. Gobe ma gwada."

Da hantsin Alhamis ya cika. Aka kai shi bayan azahar.

Da la'asar Karima ta shiga kwashe kwanukan da take kawo wa Baba abinci a ciki. Ba wanda ya tuna ya kashe rediyon. Sai ga ƙarar nan, da murya a ciki tana kira, tana dakatawa, tana sake kira. Ta zauna bakin tabarmar da ba a naɗe ba, ta ɗaga eriyar ɓangaren Bosso.