Kakar Benci

Ni ce nake zama a bayan tagar ofishin lamunin ɗalibai a kwalejinmu, kuma na san sunan da yara suka laƙaba mini: Anti Bai-Iso-Ba. Ba zan ce sun yi mini ƙazafi ba. Hukumar da ke ba da rancen karatu tana can hedikwata, ita ke amincewa. Namu kawai mu duba kwamfuta mu faɗi abin da muka gani, abin da muke gani kuwa galibi babu. Sai a tsaya ana harara ta ta cikin gilashi kamar ni na danne kuɗin a ƙarƙashin kujera.

Tsarin ma kansa abin haushi ne. In amincewa ta iso, dole ɗalibi ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa a na'ura kafin a rufe rajistar zango, in ba haka ba sai baɗi. Ba a kuma sanar da kowa, sai ka bi layi ka tambaya. Ɗaliban jinya sun fi kowa shan wuya, don malamansu ba sa jin uzurin wanda ya yi fashin aikin asibiti.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta fara zuwa. Gajeriya ce, da jakar zare da kwarashi, kullum ita ce ta farko a benci. Jikarta ɗalibar jinya ce, ita ta raine ta tun tana goye. Ta miƙo mini katin yarinyar ta ce wai ta zo bin layin Likita, haka take kiran jikar, don malalaciyar ba ta iya zama biyu a lokaci ɗaya ba. Na ce bai iso ba. Ta yi godiya sai ka ce kyauta na ba ta, ta koma ta ci gaba da saƙa.

Kafin a jima benci ya zama nata. Mai lacca zai ajiye lema ko gorar ruwa ko hular kwano ya ruga aji. Kaka ba ta karatu, don haka sai ta ɗaure katin kowa da zarenta a jikin kayansa. Layi na matsawa tana matsar da kayan, in an zo kansu ta ɗago mini ɗaya bayan ɗaya: mai lema fa, mai gora fa? Ba ta taɓa tsallake wani don ta shigar da nata ba, ba ta kuma yarda wani ya tsallake. Wani ƙato ya gwada sau ɗaya, ta tambaye shi ko lemar nan ta yi masa kama da marar gata. Ni da nake ganin fuskoki a murtuke tun safe, wallahi na fara ɗokin ganin tata.

Amincewar Likita ba ta tashi isowa ba sai ranar rufe rajista, da yamma. Na faɗa wa Kaka ina murna, sai na ga kwarashin ya tsaya a hannunta. Yarinyar tana jarrabawar gwaji a asibiti, can ƙarshen gari, an karɓe musu wayoyi. Mai hular kwano, wanda shi ya riga ya dangwala nasa, bai jira an roƙe shi ba, ya figi babur ya tafi jiran ta a ƙofar asibitin.

Ogan ofishinmu mutum ne mai bin ƙa'ida. Da lokacin tashi ya yi ba a shiga layi, amma duk wanda ke ciki sai an sallame shi. Na ƙarshe na barin taga, zai zare na'urar ya kulle a kabad. Kaka ta san wannan sarai. Ta dubi na bayanta ta ce ya wuce, ƙafarta ke ciwo. Ta sake ce wa na bayansa haka. Tana ta ja da baya da jakarta har ta zama ita ce wutsiyar layi.

Yaran nan ba a yi musu bayani ba, amma sun gane. Mai lema, wanda nasa bai iso ba kuma ya sani, ya jingina da taga ya ce in yi masa bayanin tsarin lamuni tun daga farko, don shi kansa ba ya ja. Na yi masa, a tsanake, har da abin da bai tambaya ba. Mai gora ta rantse an yi kuskure a harafin sunanta, muka duba tare, muka sake dubawa. Wata ta ce ta manta abin da ya kawo ta, a ba ta lokaci ta tuna. Ban taɓa jin daɗin ɓata lokaci irin na ranar ba.

Duk da haka layi ya ƙare, saura Kaka. Oga ya fito yana kaɗa makullai. Ta taso a hankali, ta dafa taga, ta fara gaishe ni. Ta tambayi maigidana, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da tarin ƙaramar da na taɓa ba ta labari. Ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba.

"Kaka, lokaci ya wuce fa," in ji Oga.

Ta juya ta fuskance shi. "Af, ɗana, ban gaishe ka ba. Ya mahaifiyarka? Tana raye ko?"

Ya ce tana nan lafiya. Ta tambayi ƙafafunta, ta tambayi idonta, ta tambayi wa ke kula da ita. Mutumin da ko ni ba na jin doguwar magana daga bakinsa ya tsaya yana amsawa kamar ɗan firamare, makullan sun yi shiru a hannunsa. Na lura bai ko kalli agogo ba.

Sai ga ƙarar babur. Yarinyar ta shigo a guje da farar rigar asibiti, tana haki. Ta ɗora yatsa, na'ura ta ƙi karɓa, gumi ya jiƙe shi. Ta sake, ta ƙi. Kaka ta kama hannun, ta goge yatsan da gefen mayafinta, ta danna shi da kanta. Koren haske ya kawo.

Yarinyar ta fashe da kuka. Kaka ta ce ta yi wa mutane shiru, wane irin likita ne wannan mai majina. Ni ma sai da na sunkuya ina neman abin da ban yar ba a ƙarƙashin tebur.

Waɗanda nasu bai iso ba aka ce su ci gaba da zuwa, wai hedikwata na duba yiwuwar yi musu sassauci. Washegari na ɗaga labulen taga, sai ga ta a kan benci tana saƙa.

"Kaka, ai naku ya fito," na ce.

"Na tawa ya fito," ta ce. Ta ɗago lemar da katin ke lilo a jikinta. "Wannan fa?"

Na duba. Na ce bai iso ba. Ta gyara wa lemar zama a gefenta, ta ɗauki kwarashinta.